Jinin da ke cikin adaidaitar Habu: yadda ta kaya tsakanina da wani ɗakin gwaji a Kano

Naira 35,000 na biya, na kuma yi sawu huɗu daga Gwammaja zuwa wajajen titin Gidan Zoo, duk a kan guntun kafet ɗaya da tsumma ɗaya da ɗan yankin rigar kujera. Tun da na ba da labarin a majalisarmu ta bayan Isha'i ake tambayata ko wurin ya ci kuɗinsa, sai na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta. Ba zan kama sunan wurin ba, domin akwai inda zan yabe su, akwai kuma inda suka ɓata mini rai.

Ni tsohon malamin makaranta ne, shekara 31 na yi ina koyar da ilmin aikin gona a sakandare. Da kuɗin sallamata suka fito na sayi adaidaita sahu uku na raba wa yara suna kawo mini balas. A cikinsu Habu ne bai taɓa zo mini da labarin ƙanzon kurege ba. Ranar Babbar Sallah ya yini yana jigilar kawuna da ƙafafun raguna zuwa wurin masu babbaka, da yamma ya kwashe fatun layinmu ya kai masallacin da ake tarawa. A daren nan aka daɓa wa wani matashi wuƙa a unguwar da ke bayanmu aka ƙwace masa waya, aka ce wai a adaidaita ɓarayin suka gudu. Da safe Habu ya kai mashin wanki, yaron da ke wankin ya leƙa ya ga busasshen jini a ƙasa, ya ja da baya ya ce shi kam ba zai taɓa ba. Kafin azahar magana ta zaga unguwa. Kafin la'asar ta isa gidan su yarinyar da aka sa musu rana. Ba ɗan sandan da ya zo, ba wanda ya kai ƙara, sai kallo da ƙus-ƙus, sai kuma gwaggon yarinyar da ta aiko cewa a ɗan jinkirta kawo lefe.

Ya zo ya durƙusa a zaurena ya ce, "Baba Malam, wallahi tallahi jinin rago ne." Na yarda da shi. Amma yardata ba abin da zan ɗauka in kai wa surukai ba ce. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a ɗakin gwajin wani asibiti shi ya kwatanta mini wurin, ya ce akwai wata baiwar Allah a can da ta yi karatun binciken laifuka, tana ma zuwa koyarwa.

Wurin yana saman bene a wata filaza, kuma da ka shiga ka san cinikinsu na yau da kullum gwajin maleriya ne da taifot da na masu shirin aure, musamman tun da gwamnatin jiha ta mayar da gwajin kafin aure doka a 2024. Yarinyar da ke kan tebur ta kasa gane abin da nake nema. Sau uku tana tambayata ko ni za a ɗebi jinin. Na zauna kusan awa guda a kan benci da baƙar leda a cinyata, ga wasu samari biyu da suka zo gwajin aure suna matsawa nesa da ni, saboda ledar ta fara tashi.

Da Malamar ta fito, kafin ta amsa gaisuwata sosai ledar ta kalla. "Malam, kwana nawa wannan ya yi a ƙulle haka?" Na ce biyu, a but ɗin mota. Ta dafe kai. A nan na ɗauki darasin farko, kuma kyauta: abin da ya jiƙe da jini ba a ƙulle shi a leda. Leda tana riƙe danshi, danshi da zafi su kawo funfuna da ƙwayoyin cuta, su kuma su cinye abin da ake nema. A inuwa ake shanya shi ya sha iska, a sa kowane abu daban a ambulan na takarda ko a naɗe shi da takarda mai tsabta. Ni da na shekara 31 ina faɗa wa yara kada su ajiye ɗanyen iri a leda, ga ni na yi da kaina.

Sannan ta yi mini tambayar da ta sa na fara ganin ƙimarta: shin maganar tana hannun 'yan sanda? Ta ce in tana hannunsu ba za ta taɓa komai ba, in mayar musu. In kuma ba ta hannunsu, to in sani tun yanzu takardar da za ta ba ni ba ta kotu ba ce. Kotu tana so ta san wanda ya ɗauko abu daga inda yake, hannun wa ya shiga, wa ya sa hannu ya karɓa, a wane lokaci. Nawa kuwa daga mashin zuwa but ɗina ya zo, ba shaida ko ɗaya. Ta ce za ta ajiye ragowar kayan, in hukuma ta nema za ta miƙa. Na ce na amince. Da ta ji ni malamin kimiyya ne, ta ba ni safar hannu da takunkumi ta ce in tsaya daga gefe in kalla, kada in taɓa komai.

Abin da ban sani ba kafin ranar shi ne tambayar tawa ba ɗaya ba ce, uku ce a jere, kuma ba a tsallake ta farko. Shin ma jini ne? In jini ne, na mutum ne ko na dabba? In na mutum ne, na wa? Ido ba ya amsa ko ta farkon. A garin da ake tofar da goro, ake zubar da zoɓo da manja, ga tsatsa ga jar ƙasa ga lalle, jan tabo ko mai ruwan ƙasa ba abin mamaki ba ne.

Ta fara da gwajin da ake kira Kastle-Meyer, sunan mutum biyu ne, Ba'amurke Joseph Kastle da Bajamushe Erich Meyer, aikinsu tun farkon shekarun 1900. Ta ɗauki tsinken auduga ta ɗan jiƙa shi da tataccen ruwa, ta goga a gefen tabon kafet ɗin. Ta ɗiga alkohol, ta ɗiga wani ruwa marar launi mai suna finoftalin, sai ta dakata tana kallon audugar. Ba abin da ya faru. Sannan ta ɗiga haidurojin feroksayid, ruwan nan da ake wanke ciwo da shi yana kumfa. Kafin in ƙifta ido audugar ta koma ruwan hoda mai haske, kamar an tsoma ta a jan alawa. Ta bayyana mini cewa hemogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, shi ke fasa feroksayid ɗin, abin da ya fita daga fashewar kuma ya juyar da launin finoftalin. Dakatawar da ta yi a tsakiya ita ce dabarar: da launin ya fito kafin ɗigon ƙarshe, to wani sinadari ne daban ya jawo shi, ba jini ba. Kuma launin da ya ɗauki fiye da rabin minti kafin ya fito ba a lissafa shi, domin iska kaɗai ma tana iya kawo shi a hankali.

Na ce to shi ke nan, jini ne. Ta ce a'a, "mai yiwuwa" ne. Ɗanyen dankali ma yana iya ba da wannan launi, da wasu kayan lambu, domin suna ɗauke da sinadarin da ke yin irin aikin. Wannan gwaji ƙarfinsa a kore yake: in ya ce babu, da wuya a samu; in ya ce akwai, sai an ƙara bincike. Tsumman ma ya ba da ruwan hoda. Yankin rigar kujerar kuwa, wanda shi ya fi tayar wa yaron wanki hankali saboda ya yi kama da feshin jini, audugarsa fara ta shiga fara ta fita. Na ce goro ne ko? Ta ce, "Wataƙila, Malam. Amma ni ban gwada goro ba. Abin da zan rubuta shi ne ban ga alamar jini ba." Wannan hali nata na ƙin faɗin abin da ba ta auna ba ya ba ni haushi a lokacin. Daga baya na gane shi na biya wa kuɗi.

Na tambaye ta ruwan nan da ake fesawa a finafinai wuri ya yi shuɗin haske a duhu. Ta yi dariya ta ce luminol ke nan, wani Bajamushe Walter Specht ya shigo da shi aikin bincike a 1937, kuma na inda aka wanke jini ne ana neman ɓurɓushinsa. Hasken bai wuce kamar rabin minti, kuma ruwan bilicin da mata ke wanke banɗaki da shi ma yana sa shi haske. Tabon da ke gabanka ƙuru-ƙuru ba ya bukatarsa. Da ta so, da ta fesa ta ƙara mini kuɗi, ni kuma da na biya ina murna.

Don tabbatarwa ta kankaro ɗan ɓarɓashi daga kafet ɗin, bai kai ƙwayar gero ba, ta sa a gilashi, ta rufe da wani siririn gilashin, ta zuba wani ruwa mai warin da ya huda takunkumina, ta ɗan ɗumama. Bayan 'yan mintoci ta sa a maikuroskof ta ce in leƙa. Na ga wasu abubuwa ruwan hoda masu tsini, sun taru gungu-gungu kamar gashin tsuntsu da aka barbaza. Gwajin Takayama ke nan, na wani likitan Japan, Masao Takayama, tun 1912. Akwai wanda ya girme shi, na Teichmann na 1853, shi nasa ruwan ƙasa suke fitowa masu kusurwa huɗu. Waɗannan ƙyalƙyalan daga sinadarin jini kaɗai suke samuwa, dankali ba ya yin su. Yanzu ta yarda ta ce jini ne. Ni kuwa na tsaya ina mamakin yadda abin da aka gano kafin a haifi kakana yake aiki a saman bene a Kano, da janareta yana ruri a ƙasa.

Ta kuma jiƙa wani ɓarɓashin ta duba ƙwayoyin jinin. A nan na ɗan nuna ni ma na san wani abu, domin na koyar da shi: jajayen ƙwayoyin jinin kaza da sauran tsuntsaye masu siffar ƙwai ne kuma suna da cibiya a tsakiya, na mutum da sauran masu shayarwa ba su da ita. Na raƙumi shi ma siffar ƙwai gare shi amma ba cibiya, abin lura a garin da ake yanka raƙuma a kwata. Na akuya ƙanana ne ƙwarai, ba su kai rabin na mutum a faɗi ba. Ta ce duk haka ne a ɗanyen jini, amma wanda ya bushe ya kwana biyu a but ƙwayoyinsa sun yamutse, ba za ta dogara da girmansu ba. Iyakar abin da ta ɗauka daga nan shi ne ba ta ga alamar na kaza ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta kawo ni. Ta fito da wasu 'yan robobi farare, sak irin na gwajin maleriya ko na ciki, da ramin ɗiga ruwa da 'yar taga. A cikinsu akwai sinadarin garkuwa da aka horar ya kama hemogulobin ɗin mutum kawai. Layi ɗaya, gwajin ya yi aiki amma babu. Layi biyu, akwai. Ta yanko zaren kafet ta jiƙa a 'yar kwalba, ruwan ya yi ja, sai na ga tana ta ƙara masa ruwa har ya koma kalar kara, ja-ja kaɗan. Na ce Malama ai kin kashe shi. Ta ce akasin haka ne: in jinin ya yi kauri da yawa yakan cika wa gwajin ciki har layi na biyu ya ƙi fitowa, a ce babu alhali akwai. Don haka ta yi sau biyu, da kauri daban-daban. Kafin nan ma sai da ta gwada roba ɗaya da jinin mutum da ta sani, don ta tabbata kwalin bai lalace da zafin Kano ba. Muka jira minti goma. Kafet, layi ɗaya, duka biyun. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi har yarinyar kan tebur ta leƙo.

Sannan ta ɗiga na tsumman. Ban ma zauna ba layi na biyu ya fara fitowa, siriri, sannan ya yi kauri.

Ban san lokacin da na nemi kujera ba. Ta bar ni na ɗan nutsu, sannan ta ce, "Malam, wannan ya ce jinin mutum ne, bai ce na wa ba, bai ce yadda aka yi ya zo nan ba." Ta ƙara da cewa jinin manyan birai ma yana ba da layi biyu, da na wata 'yar dabba mai kama da tunku da Turawa ke kiwo, amma sai dai in Habu ya ɗauko gwaggon biri daga gidan zoo ɗin da ke kusa da mu. Ban iya dariya ba. Na fita baranda na kira shi na ce ya faɗa mini gaskiya tsakaninsa da Allah, me ya goge da tsumman nan? Ya ce, "Baba Malam, ai yatsana ne. Wurin fiɗar ragon Hajiya wuƙa ta zame." Sai a lokacin na tuna da ya zo gaisuwar Sallah babban yatsansa na hagu a naɗe yake da filasta, har na tsokane shi cewa mahauta sun fi ƙarfinsa.

Na koma na ce ta gwada rukunin jini, a kwatanta da nasa. Ta ce za ta karɓi kuɗina a banza ne. Rukunin A da B da O da Karl Landsteiner ya gano a 1901 yana iya fitar da mutum daga zargi in ya saɓa, amma in ya dace bai nuna komai ba, domin kusan rabin mutanen ƙasar nan O ne. Abin da ke nuna mutum ɗaya tilo gwajin DNA ne, wanda Alec Jeffreys ya gano a Ingila a 1984, kuma daga fararen ƙwayoyin jini ake samo shi tunda jajayen ba su da cibiya, inda DNA ɗin ke zama. Su ba sa yi, sai an aika, ta ambaci cibiyar da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 da wasu masu zaman kansu. Ko an yi ma, sai an samu jinin wanda za a kwatanta da shi, da yardarsa. Shawararta ita ce in faɗa wa mai unguwa sakamakon duka, har da na tsumman, kada in ɓoye rabin da bai yi mini daɗi ba.

Saura abu ɗaya. Layi ɗayan kafet yana nufin ba a ga na mutum ba, amma tunda na gasa shi a but, mai gardama zai iya cewa lalacewa ya yi. Maganin wannan shi ne a nuna na wace dabba ce. A nan ta ba ni labarin da ya fi zauna mini. A 1901 wani likitan Jamus, Paul Uhlenhuth, ya lura cewa in aka yi wa zomo allurar ruwan jinin wata halitta, jikin zomon yakan haɗa garkuwar da in ta haɗu da jinin wannan halittar sai ya yi gajimare ya kwanta. A shekarar aka kashe yara biyu 'yan gida ɗaya a tsibirin Rügen, aka kama wani kafinta, Ludwig Tessnow, da tabo a tufafinsa, ya ce fentin katako ne. Uhlenhuth ya gwada ya samu jinin mutum a wasu tabban, na tunkiya a wasu, ga shi kuwa dama an taɓa zarginsa da kashe tumakin wani manomi. Shekara 120 da ɗoriya, ga mu muna raba jinin mutum da na rago a kayan mutum ɗaya, sai dai namu ya zo da sauƙi.

Yadda ake yinsa yanzu, a faranti ne mai wani abu kamar daskararren kamu, hanyar wani ɗan Siwidin, Ouchterlony, ta 1948. A huda ramuka, a zuba ruwan tabon a tsakiya, a zuba garkuwar mutum da ta saniya da ta tunkiya da sauransu a na kewaye. Su yi ta tsiyaya cikin kamun suna nufar juna, inda suka dace sai farin layi ya fito a tsakani. Wannan ban gani da idona ba, kuma a nan ne suka ɓata mini. Ba su da garkuwar dabbobin, sai sun aika wa wani abokin aikinsu na ɓangaren dabbobi, abin da ba a faɗa mini ba sai bayan na biya. Aka ce kwana uku. Ranar na hau benen nan da gwiwata mai ciwo, aka ce ba a kawo ba. Na bar lamba, ba wanda ya kira. Na koma ran na bakwai, Malamar ba ta nan, yarinyar kan tebur ta ma rasa takardata sai da na nuna mata rasit. Ran na goma sha ɗaya ya fito, lefe kuma yana nan a ɗakin uwar Habu yana shan ƙura. Farashin ma ba a rubuce yake ko'ina ba, da baki aka faɗa mini, kuma na tabbata da na shigo da babbar riga da ya haura haka.

Takardar shafi ɗaya ce, da Turanci zalla, irin wanda ko ni sai da na karanta sau biyu. Mutumin da zai kai ta gaban dattawan unguwa me zai yi da ita in ba shi da mai fassara? Layi uku na Hausa a ƙasa ba zai ci musu komai ba, na kuma faɗa musu. Abin da ke ciki dai: rigar kujera, ba a ga jini ba, tsumma, jinin mutum, kafet, jini ne, ba a ga na mutum ba, ya dace da na tunkiya ko akuya. Na ce wane irin "ko" kuma, bayan kwana goma sha ɗaya? Ta ce dangin juna ne na kusa, garkuwar ɗaya tana kama ɗayan, ba za ta zaɓa mini ba. A matsayina na malamin gona ban da bakin musu.

Na kai wa mai unguwa kamar yadda ta ce, na karanta masa duka ukun, Habu ya warware filasta ya nuna yatsa. Kafin nan ma yaron da aka daɓa wa wuƙa ya samu sauƙi har ya yi magana, ya ce su biyu ne kuma a ƙafa suka zo a ƙafa suka gudu, ba wanda ya san inda adaidaita ta shigo labarin. Ranar da muka je gidan surukan, kawun yarinyar, wanda ya shekara 40 yana fawa, ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, da kun kawo mini kafet ɗin tun ran nan, da hanci kawai zan faɗa muku rago ne, har in gaya muku ko ɗan Uda ne." Na ce to Alhaji, da ka sa hannu a takarda? Ya ce shi ba ya sa hannu.

An kai lefe ranar Asabar ɗin da ta biyo baya. Kafet ɗin yana can wurinsu a ambulan da huda biyar a jikinsa, sabon da na saya wa mashin kuma Naira 4,500 ne, na ce Habu ya riƙa cirewa daga balas kaɗan-kaɗan, har yau bai fara ba.